Yadda Ake Magance Yoyon Bututu a Gida da Ɓarnar da Ruwan Ke Bari

Yoyon ruwa a gida iri biyu ne. Akwai mai zuwa da hayaniya, bututu ya fashe, ruwa yana feshi, kowa ya ruɗe yana neman bokiti da tsumma. Akwai kuma mai aikinsa a ɓoye, yana ɗiga cikin bango ko ƙarƙashin daɓe wata da watanni, ba wanda ya ankara sai ranar da fenti ya kumbura ko ɗaki ya ɗauki warin danshi. Na biyun ya fi ɓarna, domin kafin a gan shi ya riga ya ci katako, ya tsatsar da rodi, ya lalata filasta. Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗigo ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da sama da galan 3,000 a shekara, wato fiye da lita 11,000. Wannan famfo ne da ido ke gani, balle wanda ke cikin bango.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun daga nan shi ne, toshe inda ke yoyo shi ne ƙaramin rabin aikin. Babban rabin yana wajen fitar da ruwan da ya riga ya shiga jikin gini. Mutane da yawa suna gyara bututu da kyau, sai su yi hanzarin rufe bango su shafa fenti, bayan wata biyu tabon ya dawo, su ce mai gyara bai iya aiki ba, alhali danshin da aka rufe a ciki ne ke neman hanyar fita. Saboda haka tsarin da za a bi yana da muhimmanci: wuta, ruwa, gano tushe, gyara, busarwa, sannan kwalliya.

Mintunan farko

Kafin ka taka cikin ruwan da ya kwanta, ɗaga ido ka duba ko ya kai soket, wayar da ke kwance a ƙasa, firji, ko yana ɗigowa ta ramin ƙwan fitila. Idan ɗaya daga cikinsu ya faru, je ka kashe babban makunnin wutar gidan, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. Idan akwatin wutar kansa yana inda ruwa ya kwanta, kada ka kusance shi. Fitar da kowa, ka kira mai gyaran wuta. Kujera da darduma ana sake saye, rai ba a sake shi. Ko da a lokacin babu wuta, ka kashe makunnin, domin tana iya dawowa kana tsakiyar ruwa. Mai janareta ko batirin hasken rana ya tuna ya kashe su su ma.

Sai rufe ruwa. Idan ka ga daga inda yake fitowa, nemi ƙaramin makullin da ke kusa: ƙarƙashin sinki, bayan masai, ko bayan injin wanki. Idan babu, ko ba ka san tushen ba, wuce kai tsaye zuwa babban makulli. Yawanci yana kusa da mita, ko inda bututu ya shigo gida, ko a bakin tanki ga gidan da ke shan ruwa daga tankin sama. Makullin iri biyu ne. Mai kai zagaye ana murɗa shi dama, yadda hannun agogo ke tafiya, har sai ya tsaya. Mai hannu dogo kuwa juyi ɗaya yake buƙata: idan hannun ya miƙe tare da bututu a buɗe yake, idan ya gitta shi ya rufu. Tsohon makullin da ya shekara ba a taɓa ba yakan cije. Kada ka sa masa ƙarfin tsiya da sufana, yana iya karyewa a hannunka, matsala ta zama biyu. Ɗan motsa shi hagu da dama a hankali har ya saki. Idan gidan yana da injin tura ruwa, kashe shi, in ba haka ba zai ci gaba da turawa ko ya yi ta aiki babu ruwa har ya ƙone.

Rufe makulli ba ya tsayar da yoyo nan take, domin bututun cike suke. Buɗe famfon da ya fi kowanne ƙasa a gidan ruwan ya tsiyaye ta can, ka buɗe ɗaya a sama iska ta shiga, ka kuma ja ruwan masai. Kafin ka buɗe famfon ruwan zafi, kashe hita. Ƙarfen da ke ɗumama ruwa a cikinta yana ƙonewa cikin ɗan lokaci idan ya yi aiki a bushe.

Idan silin ya yi ciki ya sauko, ruwa ne ya taru a kansa, kuma lita ɗaya kilo ɗaya ce. Kwashe kayan da ke ƙasa, ajiye bokiti, ka tsaya daga gefe ka huda wurin da ya fi saukowa da sukundireba, ruwan ya fito ta ƙaramin rami maimakon ya rufto gaba ɗaya. Wannan sai bayan an kashe wuta. Idan silin ɗin ya riga ya fara tsagewa yana ƙara, bar ɗakin. Idan kuma tsohon silin ne na asbesto, kada a yanka shi ko a kankare shi, ƙurarsa tana cutar da huhu.

Ɗauki hotuna da bidiyo kafin ka fara kwashe komai: bututun, bangon, kayan da suka jiƙe, da lambar mita. Ɗan haya ya tura wa mai gida a rubuce a ranar, mai inshora kuma ya sanar da kamfaninsa da wuri. Galibin inshorar gida tana biyan ɓarnar da ta zo kwatsam, amma tana ƙin biyan wadda ta taru a hankali saboda an ga alama an ƙyale.

Gano inda yake fitowa

A nan ake buƙatar haƙuri. Ruwa ba ya fitowa a inda ya fara. Yakan bi jikin bututu, ko katakon rufi, ko saman rufin kankare, ya yi tafiyar mita biyu ko uku kafin ya sami inda zai sauka. Wanda ya fasa bango daidai inda tabo ya bayyana sau da yawa yakan tarar babu bututu a wurin ma.

Fara da tabbatar da cewa yoyon daga bututun kawo ruwa yake. Rufe duk famfunan gida, ka hana kowa taɓa ruwa, ka rubuta lambar mita, ka dawo bayan awa biyu. Idan lambar ta canza, akwai inda ruwa ke fita. Wasu mitoci suna da ɗan ƙaramin faifai ko allura mai juyawa ko da ruwa kaɗan ne ke wucewa, wannan zai nuna maka nan take. Gidan da ba shi da mita sai a yi da tanki: a cika shi da dare, a rufe bututun da ke shigo masa da ruwa, a yi alama daidai inda ruwan ya tsaya, a duba da asuba kafin kowa ya buɗe famfo. Idan ya ragu, sai ka maimaita gwajin kana rufe makullan sassa ɗaya bayan ɗaya, na banɗaki, na kicin, na waje. Sashen da ka rufe ruwa ya daina raguwa, a nan matsalar take.

Masai shi ne wanda ya kamata a fara zargi, domin yana zubar da ruwa ba tare da ya jiƙa ƙasa ba. Buɗe murfin tankinsa, ka ɗiga launin abinci kaɗan a cikin ruwan, ka jira minti 10 ba tare da an ja ba. Idan launin ya bayyana a cikin kwanon masai, robar da ke toshe ƙasan tankin ta mutu. Idan kuma ruwan tankin ya cika har yana gangarawa ta bututun rarar ruwa, to abin da ke tsayar da cikawa ne ya lalace ko yake buƙatar saiti. Bayan gwajin ka ja ruwan, kada launin ya kama.

Ga mahaɗai na ƙarƙashin sinki, ido kaɗai ba ya isa. Goge kowace mahaɗa ta bushe sarai, ka naɗa mata busasshen tishu, ka fara daga sama zuwa ƙasa. Tishun da ya fara jiƙa a sama shi ne mai laifi, na ƙasa suna karɓar abin da ya gangaro ne kawai. Shimfiɗa takarda a ƙasan kabad ɗin ka bar ta ta kwana, da safe za ka ga inda ɗigon ya sauka.

Lokacin da danshin ke bayyana yana ba da labari. Wanda ba ya yankewa dare da rana daga bututun kawo ruwa yake, domin kullum yana cike da matsi. Wanda ke ƙaruwa bayan an yi wanka ko wanke-wanke daga bututun fitar da ruwa yake, ko daga tsagar da ke tsakanin tayil, ko bakin magudanar banɗaki. Don ka tabbatar, toshe sinki ka cika shi, ka sake shi gaba ɗaya kana haska ƙarƙashinsa da tocila. Wanda ke zuwa da ruwan sama kaɗai ba na bututu ba ne, a duba rufi, indararo da bakin taga. Danshin da ya tsaya a gindin bango yana hawa daga ƙasa, da farin gari kamar gishiri a samansa, yana iya zama ruwan ƙasa ne ginin ke tsotsa. Akwai kuma zufar bututu: ruwan sanyi yana bi ta ciki, iskar waje mai ɗumi ta taɓa shi ta zama raɓa. Wannan ana gane shi da cewa bututun duka ne ke jiƙa, ba wuri ɗaya ba, maganinsa kuma naɗa masa soson rufe bututu. Kada a manta da tiyon na'urar sanyaya ɗaki, idan ya toshe yakan mayar da ruwa cikin bango.

Idan duk alamu sun nuna cikin bango ne ko ƙarƙashin daɓe, ka saurara da dare bayan gida ya yi tsit. Ɗora bakin doguwar sukundireba a kan bututu ko makulli, ka manna kunnenka a kan mariƙin. Sautin tsiyaya yana ƙara ƙarfi yayin da kake matsowa kusa da tushen. Wurin daɓe mai ɗumi ba dalili yana nuna bututun ruwan zafi ne ya huje a ƙasa. Ƙwararrun masu gyaran famfo suna da na'urar sauraro da kyamarar da ke ganin bambancin zafi a jikin bango. A ganina biyan kuɗin wannan binciken ya fi a fasa tayil ɗin banɗaki gaba ɗaya ana lalube.

Toshewar wucin gadi

Idan dare ne ko mai gyara ba zai samu zuwa ba, ana iya riƙe ƙaramin huji. Rufe ruwa, busar da wurin, yanko roba mai kauri irin ta tiyub, ka naɗa a kan hujin ka matse ta da zoben matse tiyo ko waya mai ƙarfi ta ɓangarori biyu. Akwai tef na silikon mai manne wa kansa, ana ja shi sosai ana naɗawa, kowane zagaye ya hau rabin na baya, a wuce hujin da ɗan yatsa uku ta kowane gefe. Akwai kuma gam mai kala biyu da ake murzawa a hannu har ya zama kala ɗaya, a liƙa a kan ƙarfen da aka goge da samfefa. Duk waɗannan na kwana biyu ne ko uku. Ba a rufe su cikin bango, ba a kuma mance da su.

Gyaran ainihi

Famfon da ke ɗiga ta baki, robar cikinsa ce ta cinye, ko ƙwayar cikinsa idan irin na zamani ne mai juyi kaɗan. Rufe ruwa, toshe ramin sinki kada ƙananan sukurori su faɗa, cire murfin kan famfon, kwance sukurun, ka zare mariƙin. Naɗa tsumma a jikin famfon kafin ka kama shi da sufana don kada ka ƙarce shi. Ka riƙe jikin da hannu ɗaya yayin da kake kwance ƙwayar, kada famfon ya juya ya murɗe bututun da ke ƙasa. Jera abubuwan da ka cire a kan tsumma bi da bi yadda suka fito, ka tafi da tsohuwar robar wajen sayen sabuwa, domin girmansu ya bambanta kuma ido yana yaudara. Idan ta gindin mariƙin yake tsatsafowa, ɗan zoben roba ne da ke zagaye da ƙwayar.

Mahaɗa mai zare kuwa a kwance ta gaba ɗaya, a goge tsohon tef da tsatsa, a naɗa sabon farin tef ɗin famfo. Riƙe bututun bakinsa na kallonka, ka naɗa ta dama zagaye uku zuwa biyar, kana ja yana shiga cikin zaren. Idan ka naɗa ta hagu, yayin ɗaurewa zai warware ya tattaru a waje. Bar zaren farko a buɗe don kada guntun tef ya shiga cikin bututu. Ɗaure da hannu, ka ƙara juyi ɗaya ko biyu da sufana, ka tsaya. Yawan matsewa yana tsaga mahaɗar roba, kuma tsagar ba ta nunawa sai bayan kwanaki. Mahaɗan da ke da zoben roba a ciki, irin na tiyon masai da injin wanki, ba sa buƙatar tef ko kaɗan, zoben ne ke riƙe ruwa. Idan suna yoyo, zoben za a sauya.

Lanƙwasasshen bututun da ke ƙarƙashin sinki ana kwance shi da hannu. Ajiye bokiti a ƙasa, domin kullum akwai ruwa a cikinsa, shi ne ke hana warin magudana shigowa gida. Wanke shi, duba zobbansa, mayar da shi a miƙe, kada zaren ya hau karkace. Masai kuma idan ruwa yana fitowa ta gindinsa duk sanda aka ja, ba a magance shi da shafa siminti ko silikon a kewaye. Hakan yana ɓoye ruwan ƙazanta ne a ƙarƙashin daɓe. Sai an ɗaga masan an sauya abin da ya haɗa shi da bututun ƙasa.

Bututun roba na PVC da ya tsage, yanke wurin ake yi a sa sabo. Yanka da zarto a miƙe, ka wuce tsagar da ɗan nisa ta kowane gefe, domin takan yi tsawo fiye da yadda ake gani. Kankare gashin da zarto ya bari, goge bakin da samfefa, ka gwada haɗawa babu gam ka ga ya yi daidai. Wurin ya bushe ƙayau, ɗigo ɗaya da ke gangarowa daga ciki yana ɓata haɗin. Shafa gam a wajen bututun da cikin mahaɗar, tura shi har ƙarshe kana ɗan murɗawa, ka riƙe kamar daƙiƙa 30 don kada ya turo kansa baya. Gam ɗin yana narkar da fuskar robar ne su zama abu ɗaya, saboda haka a ba shi lokacin da aka rubuta a jikin gwangwanin kafin a saki ruwa. A yi aikin taga a buɗe, nesa da wuta. PVC na ruwan sanyi ne, ba ya jure zafin da ya wuce digiri 60. Layin ruwan zafi sai bututun roba mai jure zafi, irin wanda ake kira CPVC ko PPR, ko na tagulla. PPR ba a haɗa shi da gam, da na'ura ake narka bakinsa a zafin da ya kai digiri 260, kuma wanda bai saba ba yakan narka shi da yawa har ramin ya tsuke. Shi da haɗin tagulla na dalma, gara a bar wa masu sana'ar.

Tsohon bututun ƙarfe daga ciki yake tsatsa. Idan ya huje a wuri ɗaya, sauran jikinsa ma ya yi siriri, kuma faci ba zai daɗe ba. A sauya layin duka idan da hali. A kuma lura da inda aka haɗa ƙarfe da tagulla kai tsaye, ƙarfen yakan ci da sauri a wurin, shi ya sa ake sa mahaɗa ta musamman a tsakaninsu.

Bayan gyara, buɗe babban makulli a hankali, famfo ɗaya a buɗe don iska ta fita. Sai ka tambayi kanka me ya jawo yoyon tun farko. Idan mahaɗai suna saki nan da can, a auna matsin ruwan. Ma'aunin matsin ruwa ana kiransa "bar". Na gida ya fi dacewa tsakanin bar 3 zuwa 4, idan ya haura 5.5 ana buƙatar makullin rage matsi. Tsayin mita 10 na ruwa yana ba da kusan bar 1, don haka a gini mai hawa da yawa benen ƙasa ne ya fi shan matsi. Ƙarar bugu a bututu yayin rufe famfo da sauri ita ma tana sassauta mahaɗai, musamman idan ba a ɗaure bututun a jikin bango da kyau ba. A ƙasashe masu tsananin sanyi kuwa ruwa yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100 idan ya daskare, ya tsaga bututu, ba a gani sai ƙanƙarar ta narke.

Busar da gida

Da farko ka san irin ruwan da ya zuba. Na bututun kawo ruwa mai tsabta ne, kana iya aikinsa da kanka. Na injin wanki ko sinki yana ɗauke da datti da sabulu, sai da safar hannu da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Na masai ko magudanar da ta dawo baya kuwa haɗari ne: a fitar da yara, tsofaffi da marasa lafiya, a sa takalmin roba da safar hannu da takunkumi, kuma duk abin da ya tsotse shi, katifa, kafet, matashin kai, a zubar. Ruwa mai tsabta ma idan ya kwana biyu a kwance ya tashi daga mai tsabta.

Lokaci ƙanƙani gare ka. Fumfuna tana iya fara fitowa cikin awa 24 zuwa 48 a kan abin da ya jiƙe, don haka busarwa ba ta jiran zuwan mai gyara. Kada kuma ka raina ruwan da ke ƙasa. Ɗaki mai mita 4 tsawo da 4 faɗi, idan ruwa ya kwanta a cikinsa santimita ɗaya kacal, lita 160 ke nan, kuma kowace awa wani kaso yana shigewa gindin bango da ƙarƙashin kabad.

Kwashe ruwan da mofa, tsumma da abin jan ruwa na roba, ko injin tsotsa wanda aka yi don ruwa. Injin shara na yau da kullum ba ya wannan aikin, wutarsa tana iya jan mutum. Fitar da darduma, labule da katifa zuwa rana. Kafet a ɗaga shi gaba ɗaya, soson da ke ƙarƙashinsa ba ya bushewa a inda yake, galibi sai dai a sauya. Kayan katako masu nauyi a ɗora ƙafafunsu a kan bulo ko leda, a zare durowoyi, a buɗe ƙofofin kabad. Katako na gaske a busar da shi a inuwa, rana mai zafi tana lanƙwasa shi. Na garin katako da aka matse, idan ya kumbura ba ya komawa. Littattafai da takardu a tsayar da su a buɗe a gaban fanka. Kayan wuta da suka jiƙe kada a kunna su don gwaji, a kai wa mai gyara ya buɗe.

Iska mai motsi ce ke busar da gini. Buɗe tagogi ta ɓangarori biyu idan iskar waje busasshiya ce, ka saita fanka tana hura jikin bango da daɓe, dare da rana, bayan an tabbatar wutar ɗakin lafiya take. Idan waje ma danshi ne ko ana ruwa, rufe tagogi ka kunna na'urar tsotse danshi ko ta sanyaya ɗaki. Abin da ake nema shi ne danshin iskar ɗaki ya sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100. Kada a shigo da garwashi, risho ko janareta cikin ɗaki don a busar da shi, hayaƙinsu marar wari yana kashe mutum a rufaffen wuri.

Inda ruwa ke ɓuya shi ne abin nema. Cire katakon gindin bango. Bangon allon jifsom da ya yi laushi a yanke shi kamar santimita 30 sama da inda danshi ya tsaya, a fitar da audugar tare zafi da ake sawa a cikinsa idan ta jiƙe. Bangon bulo da siminti ba ya lalacewa da wuri haka, amma yana riƙe ruwa makonni, mai kauri ma har watanni. Ƙwanƙwasa filastar da bayan sukundireba, inda ta yi ƙarar holoƙo ta rabu da bulo, a sauke ta. Kankare fentin da ya kumbura don bangon ya sami numfashi. Ramin da aka fasa don gyaran bututu a bar shi a buɗe, ko da ba ya da kyan gani, har sai an tabbatar haɗin bai ɗiga ba kuma kewayen ya bushe.

Fumfuna ba ƙazantar ido kaɗai ba ce. A shekarar 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idoji kan danshi da fumfuna a cikin gine-gine, inda ta nuna alaƙarsu da tari, cututtukan numfashi da tashin asma. Idan wurin da ta kama bai kai murabba'in mita ɗaya ba, kana iya wanke shi da kanka. Sa takunkumi mai tace ƙura sosai, safar hannu da tabarau, ka goge da ruwa da sabulu da buroshi a jiƙe, kada ka kankare ta a bushe ta tashi a iska. A kan tayil da siminti ana iya bi da bilic, kashi ɗaya cikin kashi 16 na ruwa, taga a buɗe. Kada a taɓa haɗa bilic da wani maganin wanke banɗaki, da asid ko da amoniya, haɗin yana fitar da iska mai guba. Idan fumfunar ta fi haka faɗi, ko ta shiga cikin silin da bayan kabad, a kira ƙwararru. Mai asma kuma kada ya yi wannan aikin ko kaɗan.

Kafin a rufe a yi fenti

Tafin hannu yana jin saman bango ne kawai. Yanko leda mai haske kamar faɗin littafi biyu, ka manna ta a bangon, ka rufe gefunanta huɗu da tef, ka bar ta kwana ɗaya ko biyu. Idan ka ga raɓa ta cikin ledar, ko wurin ya yi duhu, bangon bai bushe ba. Idan raɓar ta waje take, iskar ɗakin ce mai danshi. Wanda ya samu na'urar auna danshi ya gwada wurin da ya jiƙe, ya gwada wani bango irinsa da ruwa bai taɓa ba, sai lambobin sun yi kusa da juna. Farin gishirin da ke fitowa a goge shi a bushe da buroshi, wanke shi da ruwa yana mayar da shi ciki. Bayan an bushe a yi sabuwar filasta, ita ma a ba ta lokacinta, a shafa fentin share fage mai hana tabo fitowa, sannan fentin ƙarshe. Mai gyaran wuta ya buɗe duk soket da makunnin da ruwa ya taɓa kafin a ci gaba da amfani da su.

Akwai alamun da ba a jira da su: tsaga sabuwa a bango tana ƙara faɗi, daɓe ya nutse, ƙofa ta daina rufuwa, katakon rufi ya yi laushi har sukundireba na shiga, ko siminti ya ɓare rodi mai tsatsa ya bayyana. Waɗannan na injiniyan gini ne. Hita mai yoyo ta jikin tankinta sauyawa ake yi, kuma idan makullin kariyarta ne ke fitar da ruwa, kada a toshe shi, shi ke hana ta fashewa.

Bayan mako ɗaya da gama aiki, maimaita gwajin mita ko na tanki. Idan akwai sauran tabo a wani wuri, zagaye bakinsa da fensir ka rubuta kwanan wata, ka duba bayan kwanaki ko ya ƙetare layin. Nuna wa duk wani babba a gidan inda babban makullin yake, a ɗaura masa ƙyalle mai kala, a riƙa rufe shi ana buɗewa sau biyu a shekara don kada ya cije. Tiyon roba na injin wanki a sauya shi duk kamar shekara biyar ko da bai nuna alama ba, kuma duk sanda za a bar gida babu kowa na kwanaki, a rufe ruwa daga babban makulli, a kashe hita da injin tura ruwa kafin a kulle ƙofa.